Sojan Gaban Sarki

A Tudun Wada, bayan la'asar,
in inuwar durumi ta taɓa dokin ƙofar shago,
Malam Tanimu kan ture matattun agoguna gefe,
ya shimfiɗa allon ces a kan benci.
Farare nasa ne, ba a gardama a kan wannan.
Shekara goma sha ɗaya hannunsa bai ɓata hanya ba:
sojan gaban sarki, taku biyu.
Sai ya jingina da bango, ya ɓara goro,
ya bar ni da tambayar.

Da fari na amsa sallama da irinta,
sojana a gaban nasa, goshi da goshi,
kamar raguna ana jibi Sallah.
Ya fito da doki, ya fito da limami,
duk sun zuba ido ga gida ɗaya dab da sarkina,
gidan da ba mai gadinsa sai sarkin kansa.
Ladan bai gyara murya ba aka gama da ni.

Wani ɗalibi daga Samaru, Jatau, ya ja ni gefe:
"Baba, Sisiliya. Kar ka tare shi ta gaba, bi ta kwiɓi."
Kwana tara ina hadda, har a kan tuwo.
Malam ya dubi sojan da na turo,
ya kwashe sarkinsa zuwa wancan ɓangare,
ya sako mini dakaru
kamar Kubanni ta kawo ruwa a Agusta.
Wuta a gidansa, wuta a gidana,
tasa ta riga tawa da taku ɗaya.
"Wannan," in ji shi, "sai wanda ba ya tunanin kuɗin haya."

Na koma ta Faransa, na ja ganuwa.
Ya ƙara taku, ya toshe ƙofar.
Limamina ya maƙale bayan 'yan'uwansa
kamar mai mota a cunkoson Kwangila,
yana hangen hanya, ba hanya.

Sau ɗaya, don haushi,
na fid da sarauniya tun taku na biyu.
Dokinsa ya yi ta korarta lungu-lungu.
Mai shayi ma ya yi dariya, shi da bai san wasan ba.

Karo-Kan ce ta zauna mini kamar tsohon takalmi.
Taku ɗaya, ba hayaniya,
limami ya fice kafin a rufe ƙofa.
Ya matsa, ban karye ba. Ya sake matsawa.
Aka yi magariba, aka dawo, aka kunna tocila,
muka tashi kunnen doki.
Ranar ya raba goronsa biyu ya miƙo mini:
"Littafi ba ya zaɓa wa mutum garkuwa.
Kai da ke ajiye rasit na shekara ashirin,
me ya kai ka gidan wuta?"

Bana yana ta rufe masa ido.
Agogunan bango kowa da lokacinsa,
wani na ƙarfe uku, wani ya tsaya tun damina.
Ni ke jera farare, ni ke jera baƙaƙe,
shi yana riƙe da allon duka a cikin kansa.
"Ka san na farko," yake cewa.
Ina tura masa sojan, taku biyu,
da ɗan ƙarfi, don ya ji ƙarar.

Jiya ya karkato kunne: "Me ka amsa?"
Hannuna ya tafi inda ya saba,
ya ɗauki sojan da ya saba,
sai dai bai tsaya a gidan farko ba.
Na ce, "Sisiliya, Malam."
Ya yi shiru. Ya yi dariya har da tari.
"Ka biya hayar ke nan.
To, fito mini da doki."